Gwangwanin Baba Magini

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za a tattara mu, mai sauri da mai nawa. Baba, mahaifin maigidana, ya riga mu gidan gaskiya a kakar bana, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Bai yi doguwar jinya ba. Ya yi sallar Azahar a zaune, ya ce a gyara masa matashi, aka gyara, shi ke nan.

Kafin a dawo daga maƙabarta gidanmu na Kibiya ya cika maƙil. Ni aikina a kwanakin nan kai ruwa da kwashe kwanuka, to mai kai ruwa kuwa babu abin da ba ta ji. Tsofaffin birkiloli sun zo daga Rano a mota guda, hannayensu duk kanta, suna ta cewa katangar da Baba ya ɗora ba ta san ana damina ba. Wani direba ya tsuguna a bakin zaure yana share ido da hularsa, yana cewa yanzu wa zai riƙa tare shi a tasha da tambayar ko an samo masa kati. Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Nariya, ta shigo da kuka tun daga ƙofar gida, aka zaunar da ita, aka ba ta ruwa. Tana shan ruwan sai ta hango gwangwanin a rataye a jikin azarar ɗakinsa, sai kukan ya koma dariya.

"Oh, Yaya! Ya tafi ya bar 'yan gidajensa na takarda. Yanzu wa zai riƙa shanya su yana kore musu kaji?"

Matan da ke wurin suka yi dariya, suka kuma koma kuka. Haka zaman makokin Baba ya kasance, ba a iya yin ɗaya a bar ɗaya.

Ranar sadakar uku ne na ji maganar da ta hana ni sukuni. Wan maigidana, wanda muke ce wa Alhajin Kano saboda can yake kasuwancinsa, ya ja maigida gefen rumbu. Ni kuwa ina bayan rumbun ina wanke-wanke, ba laɓe na yi ba, wurin aikina ne suka zo. Alhaji ya ce akwai wani mutum a birni mai sayen tsofaffin kaya, irin kuɗin da da kan sarki, ya ji labarin gwangwanin Baba, yana so ya ɗauke shi gaba ɗaya. Ya ce in an zo rabon gado a sayar masa kawai a huta, don ba wanda ya san yadda ake raba takarda.

Kwanon da ke hannuna sai da ya suɓuce. Ni suruka ce. Ba ni da gado a gidan nan, ba ni da baki a zaman magada. Amma wallahi ji na yi kamar an ce za a sake fita da Baba a makara, wannan karon zuwa inda ba mai ziyara. Burina ɗaya ne a lokacin, gwangwanin nan ya zauna inda yake, kada ya bar hannun jininsa.

Bari in gaya wa wanda bai sani ba abin da ke ciki. Gwangwanin biskit ne babba, fentinsa duk ya goge. A ciki akwai katunan gidan waya na da, irin masu hoto a gaba, a baya kuma a yi 'yar wasiƙa a manna kan sarki. Wasu baƙi da fari, wasu an shafa musu launi har sararin sama ya fi na gaske shuɗi. Kuma duk cikinsu hoton abu ɗaya ne: ginin ɗakin karatu, laburare, na garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba. Babu hoton sarki, babu na jirgi, babu na kasuwa. Gidan littattafai kawai.

Abin mamakin, Baba bai yi boko ba. Allo ya yi, ya sauke, ya kama gini. Yadda ya ba da labarin, yana saurayi yana lebura a Kano, ana gina wata makaranta, sai wani baƙo daga ƙasar waje da ke duba aikin ya zaro kati daga aljihu yana nuna wa manyan magina yadda yake son tagogin wani ɗaki, can sama kusa da rufi. Baba yana ɗauke da kwanon siminti ya leƙa, bakinsa bai yi shiru ba, ya ce wa zai leƙa waje ta wannan taga, raƙumi? Aka fassara wa baƙon, ya yi dariya, ya ce ɗakin littattafai ne, ana so haske ya shiga, surutu ya tsaya a waje. Da aka gama aiki ya miƙa masa katin.

"Tun daga ranar na kamu," in ji Baba. "Ashe akwai ɗakin da ake ginawa ba don a kwana ba, ba don a sayar da komai ba, sai don mutum ya zauna ya yi shiru."

Daga nan duk shigarsa birni sai ya bi ta wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Ba ya sayen littafi, girgiza shi yake yi. Ya gano cewa masu karatun da suna sa irin katunan nan a tsakanin shafi don kada su ɓata inda suka tsaya, su manta da su. Tun masu littattafan suna korarsa har suka saba, suka koma ajiye masa. Direbobin hanyar Rano su ma suka shiga ciki. Sai dai su ba sa bambancewa, sukan kawo masa hoton otal ko tashar jirgin ƙasa suna washe baki. Ya karɓa, ya yi godiya, ya sa albarka, in sun tafi ya ba yaran unguwa. Kalma ɗaya ya sani a Turanci, wato laburare, ita ma da siffarta ya san ta, kamar yadda ake gane raƙumi daga nesa. In kuma rubutun wata ƙasa ne daban, tagogi yake dubawa.

Yana da maganganunsa da duk gidan muka haddace. "Gini ma fuska gare shi." "Ƙofa ita ce gaisuwar gida." Ba ya jera katunan da sunan ƙasa, don bai san ƙasashen ba, bai kuma damu ya sani ba. Da matakala yake jera su. Masu 'yar matakala kaɗan da ƙofa mai faɗi, su ne masu fara'a, suna gaba. Masu matakala kamar hawan dutsen Rano suna baya, ya ce waɗannan ba su yi shawara da tsofaffi ba. Kowanne da sunan da ya raɗa masa. Akwai Mai Rawani, mai ƙubba a ka. Akwai Mai Hamma, wanda bakin ƙofarsa ya wage. Akwai Marowaci, gini ƙato da 'yar ƙofa kamar ta akurki. Akwai Amarya, fara fat da furanni a gaba, ita ce 'yar lelensa.

Bayan katin kuwa ba ya juyawa, ba ya kuma bari a karanta. In wani mai boko ya kai hannu zai juya, sai ya dafe.

"Wasiƙar wani ce zuwa ga wani. Hoton na saya, ban sayi sirrinsu ba."

Za ku ce yaya aka yi na san duk wannan, ni da ban taɓa zama a gabansa ba. To ai nan ne labarin yake. An kawo ni gidan nan daga Rurum Tsohon Gari ina yarinya mai ɗan karen surutu, na tarar da kunyar suruki ta ɗaure min baki. Ba na faɗin sunansa, har yau ban faɗa ba. In na hango shi tafe sai in kauce, in ba hanyar kaucewa in durƙusa in sunkuyar da kai har ya wuce. Shi ma ba ya kiran sunana, ba ya yi min magana kai tsaye. Sai dai katanga ɗaya ce tsakanin rumfarsa da madafina, ita ma ba ta kai rufi ba.

Kullum bayan La'asar in ya dawo daga aiki ya yi wanka, sai ya sauko da gwangwanin, ya zauna kusa da Inna, matarsa, tana ɓarar gyaɗa. Ya ɗauko kati ya fara yi mata bayani, ginshiƙi kaza, baka kaza, dubi inda ruwan sama zai bi. Inna kuwa, Allah ya jiƙanta, abin bai taɓa shiga ranta ba.

"Malam, ni fa duk gida ɗaya nake gani."

"Ke dai duba. Wannan ai ya yi miki murmushi."

"In ya yi murmushi ya zo ya taya ni ɓara."

Wata rana ya ba da labarin Marowaci, dariya ta ƙwace min a madafi, na toshe baki da gefen zane amma ta riga ta fita. Aka yi shiru. Na ce yau na shiga uku. Can sai na ji ya gyara murya ya ce wa Inna, "To ashe ba ke kaɗai ke da kunne a gidan nan ba." Tun daga ranar ya ƙara ɗaga murya. Inna yake kallo, amma ni da ita duk mun san inda maganar take zuwa. Ya raɗa min suna, mutanen Rurum. "A gaya wa mutanen Rurum an samu sabon baƙo, mai hawa biyu." Ni kuma in buga muciya a bakin tukunya, alamar saƙo ya iso.

Akwai alherin da ya yi min wanda ko 'ya'yana ban taɓa ba su labarinsa sosai ba. Cikina na biyu ya zo, yaron bai zo da rai ba. Na yi zaman jego hannu babu komai, ga ruwan zafi safe da yamma, ga nono yana zuba. Mutane suna shigowa suna ba ni haƙuri har kalmar ta daina shiga kunnena. Baba ba zai iya shiga ɗakina ba, ba zai iya ce min komai ba. Sai wata safiya Inna ta shigo da kunun kanwa, a kan faifan da ta rufe kwanon ga kati.

"Malam ya ce a ba mutanen Rurum su ɗan yi yawo. Wai da yamma a dawo masa da abinsa, kada a taɓa da hannun mai."

Mai Rawani ne. Na kwanta na ƙura masa ido wuni guda, ina ƙirga tagogi, ina tunanin wa ke ciki, me suke karantawa, ko su ma an taɓa yi musu rashi. Washegari aka kawo wani. Haka aka yi ta yi har na gama wanka. Mutumin da ko 'ya'yan cikinsa ba ya bari su ɗauki kati su fita da shi daga rumfarsa. Ni ba mai fita ba ce, duk wanda ya san ni ya san haka, biki ma sai an ja ni. Amma a kwanakin nan na zaga duniya ina kwance a kan katifa.

Kada in sa ku ɗauka Baba ba ya faɗa. Yana da taurin kai irin na bulon da ya sha rana. Babbar rigimarsa da Liman ce, amininsa tun suna makarantar allo. Wani direba ya kawo masa kati mai kyau, gini mai ginshiƙai, sai dai a bakin matakalar an girke zakuna biyu na dutse. Baba ya kai wa Liman a dakalin masallaci yana murna. Liman ya duba, ya ɓata fuska.

"Malam, ka san mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da surar mai rai. Sauran naka gine-gine ne, ban taɓa cewa komai ba. Wannan kam a yanke kawunan."

"Zakin dutse ne fa, a kan takarda. Hoton gunki ne, ko gunkin ma ba shi ba ne."

"Ko jikan gunki ne. Kawo reza."

"Magini ba ya rushe aikin magini ɗan'uwansa."

"To ka zauna da zakunanka."

"Na zauna. Su ba sa yi min wa'azi."

Damina guda suka yi ba hira. Baba yana bin sa salla, a gaisa a taƙaice, amma ya daina zaman dakali. Inna ta yi magana, Goggo ta zo takanas daga Nariya ta yi magana, a banza. Sai da wani ruwa mai ƙarfi ya zubar da kusurwar katangar masallaci. Gari na wayewa, ba wanda ya aika masa, Baba ya ɗauki cokalin gininsa ya tafi. Ya wuni yana aiki, Liman yana miƙo masa bulo, ba mai ce wa kowa uffan. Da yamma Liman ya biyo shi gida da goro. Abin da suka shirya a kai shi ne, Inna ta ɗinka wa katin 'yar riga da ƙyallen atamfa, ta rufe shi daga ƙasa zuwa inda zakunan suka tsaya, ginin yana waje. Liman ya juya shi a hannu, ya gyaɗa kai.

"To, yanzu sun shiga kulle."

Dariyar da suka yi ranar har maƙwabta sai da suka leƙo.

Auta, ƙanwar maigidana da ke koyarwa a makarantar 'yan mata a Rano, ita ce ta taɓa sa shi baƙin ciki ba da niyya ba. Ta zo hutu da sabuwar waya, ta ɗauki hoton Amarya ta bincika, don ta faranta masa da sunan garin. Sai na ji muryarta ta yi ƙasa.

"Baba, wai an rushe wannan ginin tun da daɗewa."

Baba ya karɓi katin ya duba. Sannan ya ce, "Da littattafan a ciki?"

"A'a, an kwashe su an kai sabon gini."

"To alhamdu lillahi. Gini ai riga ce."

Haka ya faɗa, amma tuwon ranar ya dawo min kusan yadda na kai shi. Da na zo ɗaukar kwano na ji yana ce wa Inna a hankali, "Ashe ni ke riƙe da ita ban sani ba." Daga ranar ya kafa doka, waya ba ta kusantar gwangwani. Ya ce wanda ke tsaye da wanda ya faɗi, a wurinsa duk suna tsaye.

Auta ta rasa yadda za ta wanke kanta, sai ta lallashe shi ta kai shi wani ɗakin karatu a Kano. Shekara da shekaru yana tara hotunansu, bai taɓa shiga ko ɗaya ba, wai shi magini ne, aikinsa a bakin ƙofa yake ƙarewa. Ta ce da suka isa ya tuɓe takalmi. Ma'aikacin wurin ya ce ba sai ya cire ba, ya ce ƙafarsa ce ta ga dama. Bai taɓa littafi ko ɗaya ba. Ya shafa bango da tafin hannu, ya ɗaga kai ya kalli tagogi, ya nemi kujera ya zauna cikin ɗalibai kamar mai jiran a tayar da iƙama. Da ya dawo, tun bai zauna ba na ji muryarsa ta katanga.

"A gaya wa mutanen Rurum, gaskiya ne. Hasken yana shiga, surutun yana tsayawa a waje."

Bayan Inna ta rasu, rumfar ta yi masa faɗi. Ga kuma yanar ido ta fara rage masa gani. Ya ci gaba da sauko da gwangwanin bayan La'asar, sai dai babu wadda zai kalla ya yi magana. Kwana biyu ina jin shirun nan, na kasa jurewa. Na ɗauko tsintar shinkafata na zauna a bakin madafi, inda zan iya hango hannunsa ban kalli fuskarsa ba. Ya ɗaga kati sama yana juya shi a haske, ya ce wa iska, "Ko wane ne wannan kuma?" Ni ma na ce wa faifaina, "Kamar dai Mai Hamma ne." Ya ce, "Shi ne kuwa, ja'iri." Haka muka yi shekarunsa na ƙarshe, shi yana tambayar iska, ni ina ba faifai amsa. Ni ke sa masa ganyen darbejiya a gwangwanin saboda kyankyaso, ni ke shanya katunan in damina ta wuce. Ko sau ɗaya ba mu haɗa ido ba, amma ban san wanda na yi hira da shi a duniya kamar Baba ba.

To kun ji abin da Alhajin Kano yake so a miƙa wa baƙo. Ban ga laifinsa ba, shi ya bar gida da wuri, abin da ya sani takardu ne a gwangwani. Na yi wa maigida magana a ɗaki, ya ce, "Ke ma kin san ba na ja da Yaya. In Auta ta yi magana na bi bayanta." Na ce to, Allah ya kyauta.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a tsakar gida, Liman ne mai rabo. Magada huɗu ne: Alhaji, maigida, Auta, sai babbar yayarsu da ke aure a Durba, wadda ciwon ƙafa ya hana ta zuwa, ta wakilta mijinta. Ni ina madafi ina dama fura. Aka gama maganar gida da gona, riguna da kayan aiki, ba wanda ya ɗaga murya. Aka sauko da gwangwani. Alhaji ya faɗi shawararsa. Auta ta ce a ba ta ta kai makarantarsu. Alhaji ya ce kafin zango ya ƙare yara sun yi fifita da su. Maigida ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Liman ya ce abin da ba ya rabuwa, in magada ba su daidaita ba, sayarwa ake yi a raba abin da aka samu. Na san ba da son ransa ya faɗa ba, amma shari'a ce, ba zai canza ta don aminci ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ban iya yi wa maza magana a taro ba, sai na yi yadda na saba, na kalli ƙwaryar furata na ɗaga murya.

"A gaya wa mutanen tsakar gida, akwai na kowa a ciki. Mai shi ya riga ya faɗa."

Duk suka juyo suna kallon madafi. Maigida ya ce daga baya ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Liman ne ya yi magana.

"Wasiyya ya bari?"

"A'a, Malam, hira ce. Da Inna yake yi, ni kuma katanga ba ta kai rufi ba."

"To hira ba ta raba gado. Amma a faɗa mu ji, in magada sun so su yi sulhu a kai, sulhu alheri ne."

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba ke nan, don ba da ni ake yi ba. Wasu ranakun in Baba ya yi kewar 'ya'yansa, yakan rage murya ya ɗauko kati ya ce wa Inna wannan wane ne, wannan wance ce. Na ce a nemo mai doguwar hasumiya da agogo a jiki. Auta ta lalubo shi.

"Ya ce wannan Auta ce. Ko ba a tambaye ta ba sai ta gaya wa gari ƙarfe nawa."

Aka kwashe da dariya, ita ma tana yi tana share hawaye. Na ce a nemo wani guntu, mai kaurin bango, ba ado ko ɗaya. Wannan na maigida ne, Baba ya ce ba ya burge baƙo, amma in ana ruwa da iska a nan za ka so ka fake. Sannan na yi shiru, don na Alhaji yana can baya cikin masu matakala, ina tsoron faɗa.

"Ni fa?" in ji Alhaji. "Ko ni Marowaci ne?"

"A'a, Yaya. A duba na ƙarshe, wanda matakalarsa ta fi ta kowa."

Ya zaro shi da kansa. Ya ce, "Na ji. Wanda bai yi shawara da tsofaffi ba."

"Ba haka ya ce ba. Cewa ya yi, wannan sai ka yi haki kafin ka kai ƙofarsa. Amma duba yawan hayaƙin da ke fita ta rufinsa, duk wanda ya kai ciki ba ya jin sanyi. Ya ce haka ka ɗauki karatun Auta da asibitin Inna ba ka bari kowa ya ji ba."

Alhaji ya daɗe yana kallon katin. Bai ce an fasa sayarwa ba. Ya buɗe aljihun gaban rigarsa ya sa shi a ciki, ya dafe da hannu. Can ya ce wa Liman, "Malam, a raba sauran yadda ya dace. Mutumin birni ya nemi wani abin."

Aka raba. Ba zan ɓoye muku ba, da na ga ana kasa su kashi-kashi a kan tabarma, Mai Rawani zai tafi Kano, Amarya za ta tafi Rano, raina ya yi ɗaci. Ni so na yi su zauna tare a ɗaki ɗaya. Ban samu haka ba. Amma ba ɗaya da ya fita daga hannun jininsa, kuma da na kwanta na auna, na ga Baba ma haka ya yi da 'ya'yansa, ya tara su a gida ɗaya, lokaci ya yi kowa ya kama gabansa.

Na Yaya ta Durba mijinta aka ba ya kai mata. Ban faɗi abin da Baba ya ce a kansa ba a taron, na ce sai dai in ita ta tambaya. Ba a yi mako ba ta aiko, wai in zo da bakina. Ni da ko Rano sai shekara ta zagayo ban leƙa ba, na hau bayan babur ɗin maigida muka bi ta cikin gonaki, ana ta yankan dawa.

Na same ta a kan tabarma ta miƙe ƙafar da ke ciwo, katin yana kan cinyarta. Ita ce ta goyi ƙannenta duka, ba a sa ta boko ba, ba ta da yawan magana. Ta sa aka kawo min tuwo, ta kori yara, ta miƙo min katin.

"Kowa an ba shi gini sosai. Ni nawa duk bishiya ce, ƙofa kawai ake gani. Ko dai ragowar ce aka haɗa ni da ita?"

"Wallahi Yaya naki ne. Da bakinsa ya ware shi."

"To faɗa min yadda ya faɗa. Kada ki gyara don ki faranta min."

Na ce, "Cewa ya yi, wannan ta Durba ce. Mai hoton bai samu ya ɗauke ta duka ba, ni ma ban samu ba, kullum tana bayan wani aikin. Amma ki dubi dutsen bakin ƙofarta yadda ya lotsa a tsakiya. Ƙafa ce ta cinye shi. Duk gidajen nan babu wanda aka fi shiga kamarsa."

Ta karɓi katin ta kai shi kusa da ido, ta sa babban yatsa tana shafa wurin dutsen. Ta daɗe a haka.

"Ashe yana kallo," in ji ta.

Na ce, "Yana kallo, Yaya."

"Sake faɗa min."

Na sake faɗa mata, ta ce in ƙara, na ƙara, har tuwon ya huce a gabanmu ba wadda ta taɓa shi.

Ya Allah, ga bawanka magini ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka buɗe masa taga ta inda haske zai shiga. Ka haɗa shi da Inna a gidan da ba ya tsagewa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.